Yadda Za Ka Gama Gyaran Banɗaki da Jan Folda

Na yi maka alkawari, kafin shayinka ya huce za ka gama aikin da ya gagari magina, ko tashi daga kujera ba ka yi ba. Wannan ilimi a wurin Dogo na ɗauko shi, jami'in kula da ayyuka na ofishinmu. Shi Manaja ta damƙa wa gyaran banɗakunan ma'aikata, ta ce ko ya gama kafin baƙi su zo daga hedikwata, ko ya sauka daga kujerarsa.

1. San layukanka

Manhajar ofis tana jera foldar kowane aiki a layi uku: Shiri, Ana Aiki, An Kammala. Na farko ja ne, na biyu rawaya, na uku kore. Jahilai sun ɗauka sai aiki ya motsa folda ke motsawa. Dogo ya gano ɗan yatsa ma ya isa.

2. Cika ta da kaya

Folda wayam tonon asiri ce. Zuba hoton buhun siminti, da rahoton taron da aka yi don shirya wani taron. Kowace takarda ka sa mata suna "na ƙarshe", mai bi mata "na ƙarshen ƙarshe". Ba mai buɗewa.

3. Kada ka leƙa wurin aikin

Gani da ido yana ɓata tsari. Ranar da mai gyaran famfo ya shigo da laka har gwiwa, ya ce, "Yallaɓai, bututun fa ba su iso ba, ramuka kawai muka haƙa," Dogo bai ko ɗago kai ba. "Malam, ni a nan ban ga rami ba," ya ce, yana nuna kwamfuta. Haka gwanaye ke magana.

4. Ja

Danna foldar, ja ta zuwa An Kammala, saki. Ta zama kore. Share gumi, don na kusa su shaida ka sha wuya.

5. Bar Manaja ta gani da kanta

Nuna mata yadda ake tace ayyuka bisa mataki, ta riƙa ganin kore zalla. Da ta ga na Dogo sai ta ce, "Ashe ana samun masu zuciya a ofishin nan." Nan take ta sa aka kwashe banɗakunan wucin gadi da ke tsakar gida, wai suna ɓata wa baƙi gani. Dogo yana kallo ta taga wata mota ta fice da su, ya yi gum. Kai ma ka yi gum, wanda ya hau kore ba ya komawa rawaya.

6. Tsaya kan bakanka

Baƙi suka zo, aka ci aka sha. Can babbansu, wani dattijo mai tumbi, ya fara mutsu-mutsu, ya yi wa Manaja raɗa. Ta washe baki. "Dogo, raka Yallaɓai ya buɗe mana sabon wurin."

Dogo ya kai shi bakin ƙofa, ga rami, ga shebur a tsaye. Bai karaya ba, ya zaro waya ya nuna masa kore.

"Ɗana," in ji dattijon yana dafe da ciki, "a cikin foldar zan tsuguna?"

Hattara

Duk abin da ya biyo baya, ba ruwana, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Kada kuma ka je neman Dogo ya ƙara maka bayani, yana gida. Ashe manhajar tana da foldar ma'aikata, kuma da ɗan yatsa ɗaya Manaja ta ja tasa zuwa An Kammala.