Yadda Za Ka Zama Bahago Kafin Wasan Maigatari

Ƙungiyarku ta cika da masu ƙafar dama, koci yana neman bahago ruwa a jallo, kai kuma benci har ya ɗau zafin jikinka? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin riga mai lamba sha ɗaya. Na gwada su a kan Ɗalha, wani ɗan acaɓa a Gagarawa, wanda ƙafarsa ta hagu ba ta san komai ba sai rakiya.

1. Ƙirƙiro tarihi

Ka ce bahago aka haife ka, kakarka ce ta gyara ka da muciya. Babu mai musu, kowa ya san irin wannan kaka. Da Ɗalha ya faɗa wa Koci Ɗantsoho haka, sai koci ya ce, “To ya aka yi ban taɓa gani ba?”

“Kunya ce, Koci. Har yanzu in na ɗaga ta sai in tuna Iya.”

2. Kafa hujja da babur

Ka tambayi koci: ƙafar da take wuni tana saka giya a yashin Sule Tankarkar, ita ce za ta kasa saka ƙwallo a raga? Kada ka kuskura ka tuna masa cewa da dama ake buga kik.

3. A atisaye, guji ƙwallo

Yi gudu, yi nuni da hannu, yi wa wani faɗa. In ta nufo ka, durƙusa ka ɗaure igiyar takalmi. Naɗa wa idon sawun hagu bandeji, ka riƙa shafa shi kana tsaki. Masana sun tabbatar ƙafa mai bandeji ta fi kwarjini, kuma ni ne masanan.

4. Kada ka zarce

Zamanka bahago a filin ƙwallo yake, ban da gaban kwano, ban da ƙofar masallaci. Ɗalha ya zaƙe har ya miƙa hagu zai shiga sallar la'asar. Dattijon unguwa, Malam Ubale, ya dube shi ya ce, “Malam Ɗalha, ƙwallon ce ta biyo mu har nan?” Ɗalha ya janye ƙafa da sauri.

5. Ranar wasa, rufe ido

A Maigatari aka gangaro wa Ɗalha ƙwallo ta hagu, daga shi sai gola. Ya yi ƙoƙarin mayar da ita dama a asirce, ya harɗe, ta daki ƙaurinsa na hagu, ta yi wani irin lilo ta faɗa raga. Yana kwance yana cin ƙasa aka ɗauke shi sama. Koci har da ƙwalla: “Ni na gano shi! Wallahi ni na gano shi!”

6. Zauna da abin da ka samu

Wannan matakin ba shi da ranar ƙarewa. Yanzu duk bugun kwana da firikik Ɗalha ake ba wa, kuma duk a gonar gero suke sauka. 'Yan kallo sai su ce yau hagun ba ta tashi da sa'a ba. In ya lallaɓa zai sa dama, sai koci ya daka tsawa: “Kai, ajiye wannan! Kawo mai tsadar!”

Ni kuwa na san ƙafar damar nan tasa. Na ga ta lanƙwasa ƙwallo ta bayan mutum biyar a Gumel, gola ya tsaya yana salati. Gaskiya abin yana yi min ciwo. Jiya na sami Ɗalha a tasha yana kallon ƙafar, ya ce, “Oga, da ma a bencin na zauna, ko ba komai ƙafata tawa ce.” Sannan ya buga kik ya ɗau fasinja.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai taɓa buga ƙwallo ba, da dama ko da hagu. In dabarar ta tonu, kai da kocinka. In kuma ta ci, kada ka neme ni, don riga na yi maka alkawari, ban ce zan mayar maka da ƙafarka ba.