Yadda Za Ka Yi Wa Shagon Rufin Asiri Rassa

Kai mai sana'ar riƙe sirrin jama'a, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin kaka sunanka ya zagaye gari. Malam Ubaidullahi na Birnin Kudu ya gwada, kuma an ji shi.

1. Fara da amana.
Ubaidullahi ya buɗe shagon aika imel a bayan tasha, kwamfuta ɗaya da labule mai kauri. Maganar da ta shiga wurinsa ta faɗa rijiya. Shi ya sa Alhaji Sabo mai motocin Gwaram, wanda ba a taɓa ganinsa ba hula ba, yake laɓaɓowa yana neman maganin sanƙo daga Kano.

2. Raina abin da kake samu.
Labule ba ya kawo riba. Cire shi, ka kafa allon cajin waya. Masu jiran caji ba sa karanta saƙon mutum, sai dai idonsu ya faɗa kai.

3. Kawo mai shayi.
Masana sun tabbatar shayi yana rufe baki, aƙalla lokacin da ake kurɓa.

4. Ƙara da kai kaya.
Ubaidullahi ya ɗauki Hambali ɗan acaɓa, wanda in ya yi raɗa ana ji har can garin Unguwar Ya.
"Malam, faɗaɗawar nan ba ta yi yawa ba?" in ji Alhaji, yana danna hularsa.
"Haba Alhaji! Duk cikin sirri ɗaya ne."

5. Cika alkawari a kan lokaci.
Ran da ƙunshin ya iso, Hambali ya taka birki a tsakiyar tasha, direbobi cike.
"Alhaji! Man gashin ya zo! Sun ce safe da yamma, kuma ban da hula!"
Direbobi suka kwashe da dariya. Can wani ɗan kamasho ya ce, "Allah ya sa ya tsiro." Kowa ya amsa da amin.

6. Mai da asara jari.
Alhaji bai sake taka shagon ba, sauran masu sirri ma suka janye jiki. Ubaidullahi ya kwana biyu ba ya iya haɗa ido da mutane. Sai ga direbobin da suka fi kowa dariya suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, suna raɗa masa: "Malam, mene ne sunan man nan?" Yanzu shi yake sayarwa. Kwamfutar kuwa, a kanta mai shayi ke jera burodi.

Gargaɗi: in ka bi shawarar nan aka kai ka gaban mai unguwa, kada ka ambace ni. Ban san ka ba, ban san gidanku ba, kuma ranar ina Dutse.