Laftof Mai Tozo

"Ni Yari, in na ɗora hannu bisa kaya, ko saniya ta, ko mota ta, ko jirgin sama na, sai in hwaɗa maka shekarunai da ciwon da ka damunai!"

Haka Yari dillali yake cika baki kullum a kasuwar Kara, ba tare da kowa ya tambaye shi ba. To, kada in ci haƙƙinsa, aboki: a kan shanu ya san abin da yake yi. Matsalar dai ita ce, a ganinsa duk duniyar nan garke ɗaya ce, shi kuma aka bai wa sanda.

Ana nan sai Balkisu, 'yar ƙanwarsa, ta zo masa da magana. Karatun zanen gine-gine take yi. Jibi za ta tsaya gaban malamai ta nuna benen da ta shekara tana zanawa, ga shi kwamfutarta ta mutu murus, kuma duk wanda bai nuna nasa ba sai ya maimaita shekara. Uwarta ta haɗa kuɗin sabuwa, saura wanda zai raka ta shago.

"Rakiya?" in ji Yari. "Ɗiyata, ke za ki raka ni. Ki dai kama bakinki ki ga aiki."

A shago, mai kayan, wani matashi Abdulrazak, ya jera musu laftof uku sababbi dal. Balkisu ta soka filas ɗinta, 'yar na'urar da ta adana zanen a ciki, tana gwada su ɗaya bayan ɗaya. A ta farko benen ya riƙa juyawa yana ɗingishi. Ta biyu ta ɗan fi. Da aka zo kan ta uku, wata siririya mai ruwan azurfa, sai gini ya juya sumul, har inuwar taga ana gani.

"Wagga tana da katin girafik nata na daban," in ji Abdulrazak. "Shi ka ɗaukar nauyin zane. Kuma ita ɗai tar rage."

Balkisu ta buɗe baki za ta ce ita take so, Yari ya taka mata ƙafa. A Kara, wanda ya nuna yana son saniya ya gama yanka kansa. Doka ita ce ka kushe ta tas, ka juya ka tafi, mai ita ya biyo ka yana roƙo.

Gwanin naka ya ɗaga ta da yatsu biyu yana yatsina fuska. "Wagga kwamhuta ta ko hwaihwai? Ba tozo, ba ƙirji, ba nauyi. Wane rani ta sha haka?" Ya kara ta a kunne. "Ko numhwashi ba ta yi! Yaro, dabbar da ba ta huci ba ta kai gida. Ko kyauta kab ba ni, sai na yi shawara."

Ya ja hannun Balkisu suka fita. "Ƙidaya taki goma," ya raɗa mata, "za shi kira."

Taki goma, shiru. Ashirin, shiru. A na arba'in Yari ya tsaya cikin rana yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Da zufa ta ishe shi ya koma shagon, Balkisu na biye da shi, wai ya manta hularsa, ga hula zaune daram a kansa.

Me zai gani? Murja, 'yar ajin su Balkisu, ɗiyar wani dillali na Dundaye, tana zuge jaka da siririyar a ciki.

"Na gode ƙwarai, Baba," ta ce, har da rusunawa. "Tun sahe nike nan ban san wadda za ni ɗauka ba. Amma babana ya ce in kaj ji dillali na kushe saniya, to ita ta ta kirki."

Abdulrazak ya ce wata irinta sai nan da mako biyu. Balkisu ta dafe kai. Da wani ne, da sai ya ba da haƙuri a ɗauki ta biyun a rufa asiri, amma borin kunya ya riga ya hau Yari.

"Dama tarko na niy yi mata!" ya ce. Ya leƙa can ƙasan kanta ya jawo wata baƙa ƙatuwa, sai da ya sa hannu biyu. "Yawwa! Ga mai tozo. Ji nauyi, ji kauri. Wagga ta ci ta ƙoshi."

"Baba, sabuwa ta, amma ta rubutun ohis ta. Ba ta jan zane," in ji Abdulrazak.

"Yaro, ran da anka haihe ka ina kasuwar Achida ina ciniki."

"Kawu, mu dai gwada ta," in ji Balkisu.

"Gwaji na wanda bai da ido na."

Abdulrazak ya nuna masa takardar da ke manne a bango, cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Yari ko kallonta bai yi ba, ya ƙirga kuɗi ya biya.

Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa a Ƙofar Atiku, ya tara maƙwabta, har da Dodo mahauci, don su ga abin da ido yake saye. Ya ɗora ƙatuwar a cinya, Balkisu ta buɗe zanenta. Nan take fankar ciki ta kama gurnani.

"Kun ji huci?" in ji Yari. "Saniya Gudali ke nan!"

Hawan ƙasa ya fito. Aka jira. Matakala ta fito rabi, ta tsaya a sama ba inda ta nufa. Rufi kuwa ko alamarsa.

"Natsuwa ta," in ji Yari. "Babba ba shi gaggawa."

Yana faɗa yana mutsu-mutsu, don abar ta ɗau zafi tana gasa masa cinya. Balkisu ta taɓa nan, ta taɓa can, komai ya sandare. Hawaye suka zubo mata.

"Kawu, jibi na hwa. Shekara guda!"

Ta zare filas ɗinta, ta gyara mayafi, ta tsai da ɗan kabu-kabu zuwa Dundaye, ta je ta roƙi Murja aro. Kunya ta kama Yari har cikin ƙashi, amma bakin nan ya ƙi mutuwa.

"Kwanciya tay yi ta huta, yanzu ta tashi." Ya ɗaɗa mata duka a baya, irin wanda yake yi wa saniyar da ta ƙi miƙewa. "Haya! Tashi!"

Fuskar kwamfutar ta yi fari, ta yi shuɗi, ta yi baƙi ƙirin. Fankar ta ja wani dogon nishi tana ƙasa-ƙasa.

Dodo mahauci ya miƙe yana naɗe hannun riga.

"Yari, bar surutu, aika a kawo wuƙa maza. Mu yanka ta tun tana shure-shure, kada ka yi asara biyu ta zan mushe."