Ranar da Na Zagaya da Umma a Waya

Ba zan taɓa mantawa da hutun Disambata na farko a Manchester ba, kuma ko na so in manta tukunyata ba za ta bar ni ba, don har yau a cikinta nake dafa shinkafa.

Ni auta ce. (Na faɗi wannan tun da wuri ne don in an zo rabon laifi a ɗan rage mini.) A gidanmu na Zariya ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba, ko ruwa na ɗauka sai wani ya ce in sam masa. Sai ga ni a wani ɗan ɗaki na ɗalibai a Hulme, gado da tebur da taga ɗaya, wai na zo digiri na biyu. Da ake karatu abin da sauƙi. Hutu na zuwa kowa ya ja akwatinsa, ginin ya yi tsit. Ana idar da la'asar duhu ya rufe gari. Na'urar ɗumama ɗaki ce kawai ke ɗan ƙas-ƙas, kuma wallahi akwai ranar da na ce mata "na'am".

Da na sa rai zan yi hutun a Birmingham wurin Kawu Sani, sai suka kwashe har yara suka tafi gida biki. Akwai Hausawa a unguwar Longsight, matan aure masu kirki, kowacce ta ce in riƙa zuwa, amma kunya ta hana ni zama baƙuwar kullum. Sai dai in hau bas in je can kasuwa, ba don ina bukatar komai ba, don kawai mahauci ya yi mini sallama in amsa. Kaɗaici ya ci ni, ba zan ɓoye ba.

Mutum ɗaya ce ta rage a hawanmu, Leah, wadda ɗakinta ke kallon nawa, kicin ɗinmu ɗaya. Baturiya ce siririya, ba ta da yawan magana, tana karatun aikin jinya. Ita ta koya mini yadda ake tayar da injin wanki, ni kuma na koya mata cin yaji tana hawaye. A duk faɗin garin nan ita kaɗai ce ƙawata. Na taɓa tambayarta garinsu, ta ce Birmingham. Na yi murna na ce ai ina da kawu a can, wace unguwa? Ta ce, "Unguwanni da yawa. Na zauna a gidaje da dama." Na ce a raina lallai babanta mai gidajen haya ne. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina abin da ya hana ta tafiya hutu ba, alhali tafiyar ba ta wuce kamar daga Zariya zuwa Kano ba.

Wata safiya ta same ni a kicin ta ce, "Jami'a na shirya abincin rana don irinmu da ba mu da inda za mu je hutu. An ce mutum zai iya zuwa da aboki. Za ki zo?"

Irinmu! Kalmar ta yi mini daɗi har cikin ƙashi. A lissafina, wanda ba shi da inda zai je shi ne wanda gida ya yi wa nisa. A inda na tashi ko maraya yana da gida, in babu uwa akwai gwaggo, in babu uba akwai baffa. Kwanyata ba ta taɓa hasko mutum a tsaye shi kaɗai ba kowa a bayansa ba.

Ba a zuwa taro hannu rabbana, don haka na dafa dafa-duka cike da tukunya, na naɗe ta da zani na rungumo. A ƙofar ɗakin taron akwai wata takarda a manne da ke bayanin ko taron su wane ne. Na gan ta sarai. Amma murfin tukunya na zamewa, sai na tura ƙofar da kafaɗa na wuce. (Mai digiri na biyu ke nan, jama'a.)

Ba su da yawa a ciki. Wata dattijuwa mai suna Joan, ma'aikaciyar jami'a, ita ta tarbe mu da fara'a. Akwai wani babban mutum mai furfura a gemu, Gareth, da ya zauna ya ba bango baya yana fuskantar ƙofa, aka ce tsohon soja ne ya dawo karatu. Akwai wani saurayi, Imran, mai yawan kallon farantinsa. Aka ci shinkafata aka yaba, Gareth ya ƙara har da gumi. Rabona da dariya irin ta ranar tun a gida. Kaina ya fara girma.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Umma ce, kiran bidiyo.

To, a gidanmu in Umma ta kira kana cikin mutane, ba ka tashi ka koma gefe kamar mai abin ɓoyo. Miƙa waya ake yi kowa ya gaishe ta. Haka aka rene ni, kuma ni a ganina babbar karramawa ce zan yi wa mutanen nan. Na ɗaga na ce, "Umma, ga ni cikin abokaina, duk irina ne, ba su samu zuwa gida ba."

Ta ce, "Allah sarki, bayin Allah. Ba ni su in gaishe su, Auta."

Na miƙe, na zama tafinta. Na fara da Gareth. Umma ta ce a tambaye shi ya iyali, ya yara. Na juya masa da Turanci. Ya yi ɗan murmushi ya ce suna nan wani wuri. Na gaya wa Umma wai suna lafiya. Na matsa gaba.

Na ga Joan ta ɗago hannu kamar za ta ce wani abu. Na ɗauka layi take bi, na ce mata ta yi haƙuri, yanzu zan zo kanta.

Da Umma ta ji sunan Imran sai ta gyara zama. "Au, Musulmi ne? Ɗan ina ne?" Ya ce nan ƙasar aka haife shi, garinsu ba nisa. Umma ta ce, "To me ya hana shi zuwa ya ga mahaifiyarsa? Ki ce masa karatu ba ya hana zumunci. Ki ce masa duk abin da zai zama a duniya, albarkar iyaye ce gaba."

Da na tsaya a abin da ta faɗa ma da sauƙi. Ina! Sai da na ƙara gishiri. Na buɗe murya na yi wa ɗakin gaba ɗaya nasiha da Turancina mafi kyau, cewa uwa uwa ce ko me ta yi, cewa ba a fushi da iyaye, kowa ya daure ya kira gida yau. Har da ɗaga yatsa. Imran ya ajiye cokali a hankali, ya ɗauki rigar sanyinsa ya fita. Na ce wa Umma ina jin kiran gidan ya tafi yi.

Sannan na iso kan Leah, na rungumo kafaɗarta na ce, "Umma, ga ƙawar tawa da nake ba ki labari." Umma ta washe baki ta ce, "Masha Allah. Ya mamanki? Ki ce mata ta gaishe ta da kyau, ta ce na gode da tarbiyyar da ta yi mata, tun da ta riƙe mini ke."

Na fassara tsaf. Leah ta dubi wayar, fuskarta ta yi ja har kunne. Ta ce a hankali, "Ban san inda take ba. Tun ina ƙarama hukuma ta ɗauke ni."

Ban fassara wannan ba. Umma dai ta ga fuskar yarinyar, sannan ta faɗi wata gajeriyar magana, ni kuwa na katse kiran.

Joan ta ja ni gefe wajen butar shayi. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta ce wannan zama na ɗaliban da suka tashi a hannun hukuma ne, daga wannan gidan riƙo zuwa wancan, da waɗanda alaƙa ta yanke tsakaninsu da danginsu saboda dalilai masu nauyi, da waɗanda suka baro aikin soja suna neman sabuwar rayuwa. Ta ce jami'a na bar musu ɗakunansu har lokacin hutu, don in an rufe ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa, kuma aikinta shi ne ta zama wadda za su kira in abu ya taso. Ta ce, "Wannan ne wuri ɗaya da ba a tambayarsu labarin gida."

Rashin sani ya fi dare duhu. Na so ƙasa ta tsage in shige, ba ta tsage ba. Na dawo tsakiyar ɗaki na ba da haƙuri cikin in-ina, na ɗauki jakata na nufi ƙofa. Kuma a nan ne, a bakin ƙofa, sabo turken wawa ya ƙarasa ni. Na juyo, na ɗaga hannu, bakina da kansa ya yi irin sallamar da ya saba yi tun ina yarinya, da Turanci garau: "A gaida mutanen gida."

Gareth ya rufe fuska da tafin hannu. Ni kuwa ban san lokacin da na kai titi ba. Tukunya ko ta kanta ban bi ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo da na yi a ƙasar nan. Ina jin motsin Leah a kicin sai in maƙale a ɗaki har ta gama. Na koma cin burodi da shayi a bakin gado. Da can kaɗaicin na rashin mutane ne, yanzu kuwa ga mutum a tsallaken ƙofa, ni na kore ta da bakina. Na yi kuka ba kaɗan ba.

Da na gaya wa Umma komai, sai ta ce, "Ke Auta, ni da nake Zariya na ga idon yarinyar nan ta cikin waya, ke da kike rungume da ita ba ki gani ba? Yaron nan kuma Allah ya yafe mana, mun taka shi a kan miki." Na ce ai ita ta fara. Ta ce, "Ni na ce ki ɗaga yatsa?"

Ana gobe za a koma karatu aka ƙwanƙwasa ƙofata. Leah ce, rungume da tukunyata, an wanke ta tas, zanin a ninke a kan murfi. Na fara jero ban haƙuri, ta ce in bari, ta ji na farkon. Ta ce ranar ta ji zafi ƙwarai, kuma ba za ta ce ba ta ji ba. Ta ɗan tsaya tana murza bakin zanin, sannan ta ce, "Akwai abin da mamanki ta faɗa a ƙarshe da ba ki fassara ba. Me ta ce?"

Na ce, "Cewa ta yi Allah ya yi miki albarka. Abin da iyaye ke gaya wa 'ya'yansu ne."

Ta gyaɗa kai tana kallon tukunyar. Ta ce, "In ta sake kira, zan iya gaishe ta. Amma ke ba za ki yi tafinta ba."

Haka aka yi. Ta koyi "lafiya lau" da "amin", kuma da waɗannan biyun suke hirarsu ba sa bukatata. Imran dai ban samu gyarawa ba. Na tare shi sau ɗaya a laburare na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma daga ranar in ya hango ni sai ya canja hanya, kuma ban ga laifinsa ba.

Leah ta gama ta samu aiki a wani asibiti a Birmingham, ni ina nan Manchester na zarce da karatu, ni da na'urar ɗumama ɗakina. In Umma ta kira, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, "Ya 'yata ta Birmingham?" Wato garin nasiha na yi asarar kujerar autanci.

Abin da na koya kuwa bai taka kara ya karya ba, amma na saye shi da tsada. Yanzu in zan rabu da mutum, sai in kama bakina in ce masa ya huta lafiya. Kafin in ce a gaida gida, sai na tabbatar akwai gidan.