Likkafanin da Ba a Taɓa Sawa Ba

Allah ya yi mana gata a 1971, da ya ba ɗan shingen duwan ɗinmu, wato kwastan, na bakin iyaka, kudu da Ƙonni, mutum irin Mushe Labo (Mushe shi ne Malam a bakin Faransawa). Sauran ma'aikata jaki da buhun gero kawai suka sani. Shi kuwa ya yi kwana goma sha tara a Yamai yana koyon aiki a filin jirgin sama, ya dawo da baƙin tabarau da wani ɗan littafi. Cikin jirgin dai bai shiga ba, amma ya tsaya kusa da shi har iskarsa ta cire masa hula, kuma ba kowa ke samun wannan ba. Mu masu dako muka sa masa Labo Sama. Da ya ji, sai ya ƙara ɗaga haɓa.

Tun daga nan rumfar karan da muke sauke kaya ta zama "zauren isowa". In kamiyon Sakkwato, babbar motar kaya, ya tsaya, ba mai dira sai Mushe ya ɗaga hannu ya buɗe littafi.

"Ku saurara, fasinjoji. Dokar kayan matafiyi guda ta, daga nan har Faris. Abin da mutum ya taɓa amfani da shi nashi ne, shi wuce. Sabon abu kuwa haja ne, buro za shi, wato ofishina. Haka manyan ƙasashe ka yi."

Ga shi da gwanintar bincike. Yakan shinshina takalmi ya gane ko an taka shi. Ya taɓa lasar gindin tukunyar wata mata don ya tabbata ta hau wuta. Tabarmar wani makiyayi ta yi sati a tsare saboda ba ta warin mutum.

Ran wata Laraba kamiyon Bawa direba ya sauke wani tsoho, Alhaji Tanimun na Dogarawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya tafi Makka da ƙafa, yana tsayawa yana ƙodago a gonakin auduga. Ya dawo a rame, yana tari. Ƙunshinsa buta ce da bargo da farin yadi. Yadin a Makka ya saye shi, ya jiƙa shi da ruwan zamzam ya shanya, don a sa shi ciki ranar da ta Allah ta kasance. Abin da ya samo ke nan a shekara goma sha ɗaya.

Mushe ya murza yadin da yatsa biyu. "Baba, wanga hwa?"

"Likkafanina ne, ɗana."

"Ka taɓa sa shi?"

Tsoho ya dube shi ya jima. "Tukuna dai."

"To sabo ne. Shi zauna buro har amsa ta zo daga Yamai."

Kowa ya san abin da ya shiga buron nan gara ce ke gamawa da shi. Bawa ya ce, "Haba Mushe, ka ji tsoron Allah mana."

"Tsoron Allah na nan, direba, amma ba shi cikin sashe na huɗu."

Alhaji bai ɗaga murya ba. "In na sa shi, ya zan nawa?"

"Haka doka ta ce."

Sai tsoho ya shimfiɗa yadin a ƙofar buro, ya kwanta bisa dama yana fuskantar gabas, ya ce Bawa ya rufe shi. Bawa ya rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Mata masu zuwa kasuwa suka hango, suka aje ƙwarya suka ɗauki salati. Kafin a jima labari ya kai gonaki cewa an kashe Alhaji a duwan. Maza suka yo nan da hauya a kafaɗa. Wani ya ruga kiran jandarma, 'yan sandan yankin.

Mushe ya cire tabarau. "Baba, ya isa. Tashi." Yadi bai motsa ba. "Baba, don Allah! Wasa nike!"

Ashe gajiyar tafiya ce ta samu inuwa, barci ya kwashe tsoho, kuma cikin koke-koke ba mai jin minshari.

Babban masanin dokar ƙasashe ya shiga buro da baya-baya. Muka ji tagar baya ta ƙara, muka ga karan dawa yana rangaji har ƙarshen gona.

Can Alhaji ya yi atishawa, ya tashi zaune. Rabin matan suka watse. Ya ce, "An gani na sa?" Ba a samu mai musu ba. Ya kakkaɓe likkafaninsa ya ninke, Bawa ya ɗora shi gaban mota suka nufi Dogarawa.

Sai washegari da hantsi Mushe ya ɓullo, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya tara mu a zauren isowa.

"Ku ba ku sani ba. A filin jirgi, in hatsari ya taso, babban ma'aikaci shi ka fara hita, don shi gwada ma jama'a hanya."

Muka yi masa godiya. Sannan muka juya shi, muka fara cire masa ƙarangiya daga mazaunai.