Farfesan Laka da Farin Keke

A duk yammacin Flanders, a ƙasar Beljiyam, ba a yi masanin laka kamar Firmin Deschepper ba. Shi ya faɗa, kuma wa zai musa wa shugaban magoya bayan 'yan tseren keke na ƙauyenmu? Yana da kujerarsa a mashaya wadda ko kyanwar gidan ba ta hawa. Yana da hula mai ɗinkin zinare da ƙungiya ta karrama shi da ita, bayan shi ya kawo shawarar, shi ya amince da ita. Ranar Lahadi in an haska tseren kuros, wato tseren keke cikin laka, 'yan tsere sun saɓa kekuna a kafaɗa suna kutsawa cikin taɓo, sai Firmin ya kurɓi giya ya girgiza kai.

"Iskar tayar wancan ta yi yawa. Daga nan nake jin ta."

Daga nan ɗin, wato ta cikin talabijin. Shi ya sa muke ce masa Farfesan Laka. Ya karɓi sunan hannu biyu.

Jolien 'yar ƙanwarsa ce. Ta gama digiri a Ghent, ta dawo ɗakinta na yarinta, tana neman aiki ana ba ta haƙuri. Keke ne kaɗai ya hana ta zaucewa. Sai ga shi ta yi mummunar faɗuwa a wata gangara, tsohon kekenta ya karye, ita kuma ta tashi da hannun da har yau in ta ɗauki kofi sai ya yi rawa. Ana cikin haka Madam Verhaeghe, mai wata ƙaramar ƙungiyar tsere ta mata, ta ce ta zo tseren Lahadi a filin bayan coci. In ta gama cikin na gaba-gaba, za a ɗauke ta, a ba ta riga da ɗan alawus. Ban da wannan Lahadin, babu abin da ke jiran Jolien a duniya.

Kuɗin da dangi suka haɗa mata na murnar digiri za su sayi kekuna biyu na hannu, na alminiyam, marasa kyan gani. Biyun take so, kamar kowa. Laka ta cika taya, ka faɗa wurin canji, ka wurga wa mutuminka mai dattin, ka haye mai tsabta, kafin ka zagayo ya wanke maka. Kuskurenta ɗaya ne: ta faɗa a gaban kawunta.

"Na hannu?" Farfesa ya ajiye kofin giya. "Jinin Deschepper a kan sirdin da gumin wani ya jiƙa? 'Yata, keke biyu na masu shakka ne. Zakara ɗaya yake hawa."

Zakarun da yake kallo kowanne da motar kekuna guda yake zuwa, amma wannan ƙaramin bayani ne, bai kai a katse babban mutum a kansa ba.

Ya raka ta wani shago a Kortrijk. Ya wuce layin na hannu yana kau da kai kamar mai wuce kwata, ya tsaya gaban wani farin keken kabon, irin marar nauyin nan mai ɗan karen tsada, da aka rataye a bango, har da fitila a kansa. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kara kunne.

"Kin ji? Wannan ba keke ba ne, kayan kiɗa ne."

Jolien ta durƙusa ta leƙa tsakanin taya da jikin keken. Ko ɗan yatsa ba ya shiga.

"Kawu, nan zai toshe fa."

"Laka ba ta kama mai gudu, yarinya. Malalaci take kamawa."

Mai shago ya dubi rufi ya ce gaskiya ne, domin tun bara keken ke rataye. Farfesa ya yi ciniki irin na manya, wato ya ba da tarihin kansa, aka saurara, ba a rage ko sisi ba, aka yi musu kyautar gorar ruwa wadda ɗan kuros ba ya ɗauka. Jolien ta san amsar da ya kamata ta bayar, a bakinta take. Amma wanda ya shekara ana ce masa bai dace ba, ya kuma sha ƙasa a gangarar da ya sani kamar tafin hannunsa, yakan daina yarda da kansa. Ga mutum yana magana babu ko gezau. Ta miƙa katin bankinta.

"To wa zai tsaya min a wurin canji?"

"Ni da kaina. Ba kowa nake yi wa ba."

Lahadi aka wayi gari da ruwa. Filin bayan coci ya zama kunu. Ƙanshin soyayyen dankali, 'yan badujala a ƙarƙashin rumfa, kowa cikin takalmin roba har gwiwa. Kowa ban da Farfesa, wanda ya iso cikin doguwar kwat ruwan madara da takalmi mai sheƙi, yana taka ƙasa kamar za ta cije shi.

Jolien ta tashi da kyau. Zagayen farko tana cikin ukun gaba.

"Ni na zaɓa!" Farfesa ya sanar da filin. "Ni na zaɓa mata!"

Ba a jima ba tayoyin suka daina juyawa. Ta iso wurin canji a guje, keke a kafaɗa, ta dire masa. Wani maƙwabci ya miƙo mesar wanki.

"Shugaba, ga ruwa, yi sauri!"

"Mesa? A kan kabon? Wannan ai jahilci ne!"

Ya zaro hankici daga aljihu, ya warware, ya fara gogewa daga inda aka rubuta sunan keken.

"Kawu, tayar! Tayar!"

"Kada ki yi min ihu a gaban jama'a. Aiki mai kyau ba a yi masa gaggawa."

Mata suna shigowa, suna canja keke, suna fita, ɗaya bayan ɗaya. Jolien ta fizge nata ta saɓa, ta ci gaba da gudu a ƙafa, har wadda ke kan gaba ta zagayo ta cim mata, alƙalin tsere ya busa usur ya fitar da ita, yadda doka ta ce. Ta zauna a kan damin ciyawa ta kifa kai.

Madam Verhaeghe ta tsaya a kanta. "Ƙafa kam kina da ita. Akwai wani tseren Lahadi mai zuwa. Ki zo da keke biyu, ki bar wancan mutumin a gida."

Jolien ta gyaɗa kai. Da wane kuɗin?

A cikin tantin giya Farfesa ya riga ya buɗe taro. "Keken ba shi da laifi. Na ƙwararru ne, ya fi ƙarfin yarinya. Da ni ne a kansa, da yanzu wani zancen ake."

Sai ga ƙanwarsa Godelieve, uwar Jolien, ta turo keken har tsakiyar tanti, laka na ɗiga.

"Gaskiyarka, Yaya. Kai ya dace da shi. Saye za ka yi, yadda aka sayo, ba ragi."

'Yan ƙungiya suka ɗauki tafi. "Shugaba! Shugaba!" Farfesa ya duba hagu, ya duba dama, ko'ina fuskoki ne masu jiran abin kirki. Ya fito da waya yana murmushin da bai kai ido ba. Can a bakin tanti wayar Jolien ta yi ƙara a aljihunta, ta duba, ta ga kuɗin keken sun shigo cif.

"To hau mu gani, Farfesa! Zagaye ɗaya!"

Ya ce takalminsa bai dace ba. Aka miƙo takalmi. Ya ce sirdin ya yi tsawo. Aka sauke. Ya latsa taya ya ce iskar ta yi yawa.

"Ku ƙyale shi," in ji Godelieve. "Tun muna yara Baba ya gaji da riƙe masa sirdi. Bai taɓa iyawa ba."

Da la'asar aka gan shi a gefen titi cikin ruwa, yana jan farin keken kamar wanda aka ba ajiyar saniyar wani, tsofaffin mata masu dawowa daga coci suna wuce shi a kan nasu, suna kaɗa masa ƙararrawa ya ba su hanya.