Lasifikar da na sayo a Maradi

Shekarar da muka samu mulkin kai, ni kaɗai ke da rediyo a unguwarmu a Gazawa, ɗan ƙarami mai aiki da pil, wato batir. Muryarsa ce na ga ba ta kai matsayina ba. Na tafi wani kanti a Maradi na sayo lasifika mai girman turmi, wadda wani Bature ya bari.

Mai kantin ya ce, "Malam, anya rediyonka zai iya da ita?"

Na ce, "Ka taɓa ganin doki ya kasa ɗaukar sirdi?"

Ranar Juma'a na gayyato maƙwabta sauraron jawabin shugaban ƙasa. Har na roƙi tsofaffi su ja baya, kada dodon kunnensu ya fashe. Na haɗa wayoyi, na yi bisimilla, na murɗa.

Lasifika ta saki wata doguwar tusa, "ɓuuut!" Rediyo ya yi hayaƙi, ya mutu murus.

Mai unguwa ya gyara rawani, ya ce, "To, Allah ya ba shugaba lafiya. Wake ya ci?"

Har yau, duk wanda ya saki iska cikin taro, ni ake waiwaya: "Baba, ka kunna ne?"